Malam Isiyaku na Garu da Tafiyarmu Salaga

Shekara goma ke nan cif, a wannan watan, da muka binne Malam Isiyaku a gefen gonar gwaji da ke kusa da Garu. Na ce muka binne, ko da yake ni musulmi ne shi kuma Kirista, domin ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabarin, kuma motata ce ta kai katakon akwatinsa daga Bawku. Matasan da ke karanta jaridar nan ba su san shi ba. Manyan da suka san shi kuwa, da wani suna suka san shi: Baturen Shanu. Shi ne dogon Baturen nan mai jan gemu, mutumin Kanada, wanda ya yi shekaru yana koya wa manoma yadda ake horar da bijimai su ja garma.

Ni ba marubuci ba ne. Hatsi nake saye ina sayarwa: masara, gero, dawa, wake, da ƙwarar kaɗe idan lokacinta ya yi. Da mudu ɗaya na fara awo a bakin tashar Bawku, ba wanda ya bar mini gadon ko buhu ɗaya, yau kuma ana san ni. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane cewa ba na yabon kaya kafin in zura hannu cikinsa, kuma haka nake da mutane.

A shekarar yunwa muka haɗu, lokacin da fari da gobarar daji suka cinye gonaki, mutane suka dafa irin da suka ajiye don shuka. Ya shigo sitona yana neman irin gero mai saurin nuna. Na nuna masa buhu. Bai dubi saman buhun ba. Ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo na ƙasa, ya shinshina, ya fasa ƙwaya ɗaya da haƙori. Nan na san ba irin Turawan ofis ba ne. Ɗan manomi ne, jikan manomi. Muka yi ciniki, ya matse ni, na matse shi, muka rabu kowa yana ganin bai ci riba yadda ya so ba. Daga ranar muka zama abokai.

Da yake Garu ba ta da gidan waya mai kyau a lokacin, sai ya roƙi in bar shi ya riƙa amfani da akwatin wasiƙuna a Bawku. Na yarda. Ban san abin da na ɗauko ba. Wasiƙu suka riƙa zuwa da kan sarki iri-iri, daga Jamus, daga Kanada, daga wata ƙasa wai ita Paraguwai, wani lokaci har daga Rasha, ambulan ya sha buɗewa da liƙewa a hanya. Wata rana na ce masa, "Malam Isiyaku, kai kuwa wane irin fatauci kake yi a ɓoye? In akwai riba a sa ni ciki."

Ya yi dariya ya ce, "Alhaji Sule, matattu nake nema. Ba riba."

Ranar da na kai masa taki Garu ya nuna mini. Wata doguwar takarda ce, an haɗa falle-falle da gam, idan aka shimfiɗa ta takan rufe teburin cin abincinsu har ta sauko. Sunayen kakanninsa ne a jere, kowa da garin da aka haife shi da garin da aka binne shi. Ya ce su 'yan wata ɗarika ce ta Kiristoci da ake kira Menonayit. Ba sa ɗaukar makami, ba sa shiga soja, ba sa rantsuwa ko a gaban alƙali. Wannan ne ya hana su zama wuri ɗaya. Sun faro daga ƙasar Holan, aka matsa musu, suka koma wata ƙasar Jamusawa a bakin teku, suka janye ruwa daga fadamu suka mai da su gonaki. Da aka ce lallai 'ya'yansu su shiga soja, suka ɗaure kaya suka nufi kudancin Rasha, inda aka yi musu alkawarin ƙasa da zaman lafiya. Suka yi fiye da shekara ɗari suna noman alkama. Juyin juya hali ya zo, 'yan fashi da yunwa suka biyo baya, mahaifinsa yana saurayi suka tsallaka teku zuwa Kanada. Waɗanda ba su samu fita ba, wasu an kwashe su zuwa Saberiya, wasu daga baya sun ɓulla a Paraguwai. Su yake bi da wasiƙa, gida gida.

Matarsa ta kawo mana shayi da wani burodi ƙanana, busasshe ƙarau, sai an tsoma shi kafin haƙori ya shiga. Na tambaya ko mantawa aka yi da shi a wuta. Ya ce a'a, da gangan ake gasa shi sau biyu, don ya yi wata da watanni bai yi fumfuna ba. Guzurin masu gudu ne. Sun daɗe da daina gudu, amma matansu ba su daina gasa shi ba, har waɗanda ba su san dalili ba. Ya ce idan ya rubuta wa wani gida bai tabbata danginsa ne ba, yakan tambayi abin da kakarsu take dafawa. Takardun gwamnati sun sha ɓatar da shi, amma tukunya ba ta taɓa ba.

A lokacin na ɗauki wannan duka a matsayin wasan mutumin da ba shi da matsalar abinci. Bayan shekara uku ya zama matsalata.

Babban ɗana, Haruna, ya ga Zainabu, 'yar Alhaji Garba mai goro, ita ma ta gan shi. Gidan Alhaji Garba tsohon gidan Hausawa ne a zangon Bawku, unguwar fatake da baƙi, irin gidajen da har yau ba su bar Hausarsu ta gauraye da ta kasuwa ba. A irin waɗannan gidaje ba a ba da 'ya sai an yi binciken asali. Ba dukiya ake tambaya ba, ba sana'a ba. Su wane ne ku, daga ina, gidan wa. Da na je gaisuwa, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa mini buzu, sannan ya ce, "Alhaji Sule, arzikinka kowa ya gani, halin yaronka ma na gani. Kanon nan da kuke cewa, wace unguwa? Gidan wa?"

Abin da na gada shi ne wannan: kakana Audu madugu ne daga Kano, ya zo da ayarin goro ya zauna a Salaga, yaƙin da ya watsa garin ya kora shi Yendi, mahaifina Mamman kuma ya hauro Bawku. Na faɗi wannan labari sau ɗari a taron suna da na biki, ba wanda ya taɓa ce mini wace unguwa. Na ce wa Alhaji Garba ya ba ni mako biyu. Na fito ina ganin abu ne mai sauƙi, kamar zuwa ɗauko kayan da na san inda na ajiye.

Na shirya zuwa Yendi in tambayi dangi. Malam Isiyaku ya ce zai raka ni, yana son ya ga shanun kasuwar garin. Muka shiga a-kori-kurarsa muka bi ta Nakpanduri da Gushegu. A hanya ya ce kada in tambayi maza wane ne kakana, domin namiji abin da yake so ya kasance shi yake faɗa. In tambayi tsofaffin mata me ake dafawa a gidan, me aka hana, me aka ɗauko lokacin da aka tashi. Na ce masa ni da nake sayen hatsi daga ƙasa uku ba sai an koya mini tambaya ba.

A Yendi muka sauka gidan Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Audu. Na yi tambayata irin ta maza, ta ba ni amsar da na sani: Kano, madugu, goro. Unguwa kuwa, ta ce Baba bai taɓa faɗa ba. Sai Malam Isiyaku ya matso da Hausarsa ta kasuwar Bawku, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Gwaggo, babanka, me ya hana kai yi a gida?"

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ji wannan, ya mai da ni ƙato! Sule, ina ka samo shi?" Sannan dariyar ta tsaya. Ta ce, "Man kaɗe."

Wannan na sani. A gidanmu ana cin man kaɗe a abinci, amma ba a shafa shi a jiki, ko jariri ba a shafa wa. An ce jininmu ba ya so, yana kawo ƙuraje. Ni da nake loda ƙwarar kaɗe lori guda ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko na ga ƙurjin a jikin wani ba. Gwaggo ta ce ba maganar ƙuraje ba ce. Tana ƙarama wata maƙwabciya ta yi mata wanka ta shafe ta da shi har tana sheƙi. Audu ya shigo ya gan ta. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, ya ɗauke ta ya kai bayan ɗaki, ya wanke ta da sabulun toka sau uku. Ta kuma ce idan yana ƙirga jakunansa a hankali, ba da Hausa yake ƙirgawa ba. Da wane harshe, ba ta sani ba. Duk shekara kuma, bayan ƙaramar salla, yakan ɗaure gishiri da turmin zane ya kai Salaga, gidan wani Madugu Tanko.

"Ku je can," in ji ta. "Ku nemi Iya Kande, in tana da rai. Ni iyakar sanina ke nan, kuma ban taɓa son in ƙara ba."

Salaga ta ba ni mamaki. Garin da na taso ina jin sunansa kamar Makka ta fatake, na tarar da shi ya koma kasuwar doya, tsofaffin rijiyoyi birjik cikin ciyawa. Iya Kande tana da rai, jikar Madugu Tanko ce, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Na faɗi sunana da na ubana da na kakana. Ta sa na matso, ta shafa kunnena, ta ce, "Kunnen Audu ne. Na san shi, yakan kawo mana gishiri ina yarinya." Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta juya fuskarta wajen Malam Isiyaku. Bai jira an ce masa komai ba, ya ɗauki hularsa ya fita, ya je ya zauna cikin mota a rana.

Ta faɗa mini ba tare da ado ba. Kakanta ne ya sayi Audu a kasuwar Salaga, yana ɗan shekara tara ko goma. Daga arewa aka kawo shi, wajen ƙasar Gurunsi, ba wanda ya riƙe sunan ƙauyen. A wancan zamani, kafin a fito da mutum kasuwa, sai a kai shi rijiya a yi masa wanka, a shafe shi da man kaɗe don fatarsa ta yi kyau a idon mai saye. Ya girma a gidan, ya musulunta, ya yi karatu, ya zama amintaccen yaron Madugu Tanko, daga baya aka 'yanta shi. Da gari ya watse ya tafi Yendi da jaki biyu, ya mutu yana da ayarinsa na kansa.

"To Kano fa, Iya?"

"Kano kam ya je. Sau biyu, a ƙasa, da kaya a ka."

Sannan ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, me ya kai ka? Mu mun rufe, ku kun rufe, shekara ɗari ba wanda ya ji. Koma ka ce wa surukin naka ku 'yan gidan Madugu Tanko ne. In ya aiko, ni zan amsa, kuma ban yi ƙarya ba. Haka ake yi. Rabin zangon ƙasar nan haka aka yi musu."

Gaskiya ta faɗa, haka ake yi, kuma ba mugunta ba ce. Sutura ce da magabata suka yi wa juna. Gidan Madugu Tanko kuwa asalinsu Kano ne na gaske, da unguwa da komai. An miƙo mini amsar da Alhaji Garba yake nema, da mai shaida a kanta.

Daga Salaga har Bimbila ban ce wa Malam Isiyaku uffan ba. Haushinsa nake ji, kamar shi ya sayar da yaron. Shi ma bai tambaye ni ba. Da azahar muka tsaya gindin wata ɗorawa, na yi salla, ya fito da shayi da busasshen burodin nan. A nan na faɗa masa duka, har da hanyar da Iya Kande ta ba ni. Na ce, "To, malamin matattu, sai ka ba ni fatawa."

Bai ba ni ba. Ya ce in tuna wani suna a takardarsa da aka rubuta da tawada daban. Wan mahaifinsa ne. Lokacin da 'yan fashi suka addabi ƙauyukansu a Rasha, wasu samari suka karya dokar ɗarika suka ɗauki bindiga don su tsare iyayensu mata. Yana cikinsu, kuma ya kashe mutum. Dangi suka tsira, amma suka cire sunansa daga littafin gida, suka tafi Kanada ba da shi ba. Malam Isiyaku ya girma bai san an yi mutumin ba. Wata tsohuwa a Paraguwai ce ta rubuto masa. Ya bi sawu har ya gano ya mutu a Saberiya, ya mayar da sunan inda yake. Mahaifinsa ya yi shekara biyu bai amsa masa wasiƙa ba.

"Har yau ban yarda da bindigar da ya ɗauka ba," in ji shi. "Amma an yi shi. Alhaji, ban ce ka faɗa ba. Ni nawa sun mutu duka. Kai ɗanka yana da rai, yana son yarinya."

Ba wa'azinsa ne ya yanke mini shawara ba, domin bai yi ba. Tunanin ɗan kasuwa ne. Na farko, na san kayan da aka ɓoye aibinsa yakan dawo, kuma a ranar da ba ka shirya ba yake dawowa. Na biyu shi ne wanda ya fi cina. Tun daga gindin ɗorawar nan har Bawku ina auna yaron nan, Audu. Ni da nake alfahari na fara da mudu ɗaya, na fara ina da uwa, ina da uba, ina da suna, ba wanda ya mallake ni. Shi ya fara tsirara a tsakiyar kasuwa, ba ya jin harshen masu taya shi, ya ƙare da gida da ayari da 'ya'ya masu karatu. Wannan mutum ne zan ɓoye, in ari wani Bakano da ba a taɓa haifa ba in sa a gurbinsa? A sana'ata, idan mutum yana da hatsi mai kyau ya zuba shi a buhun wani don ya sayu, mun san bai san darajar abin da ke hannunsa ba.

Haruna na fara gaya wa. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Baba, ba za ka bari sai an ɗaura ba?" Na ce bayan an ɗaura sunan abin zamba. Ya tashi ya fita.

Da hantsi na je zauren Alhaji Garba, na faɗa masa yadda aka faɗa mini, har da tayin Iya Kande, don kada gobe ya aika ya ji wani abu daban. Ya daɗe yana juya goro a hannu bai ɓare ba.

"Alhaji Sule, wa ya aike ka tono wannan?"

"Kai, Alhaji."

"Ni unguwa na tambaye ka."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in ba shi lokaci. Lokacin nan ya kai shekara guda. A cikinta Haruna ya rame, yana zuwa sito yana aikinsa, amma tsakanina da shi sai gaisuwa. Uwarsa ta ce na zubar wa ɗana da aure saboda Bature. Ba zan ce ban yi shakka ba. Akwai ranakun da na zauna ina ganin tsohuwar Salaga ta fi ni hankali. Malam Isiyaku ya zo har gida ya ce wa Haruna laifinsa ne, shi ya yi tambayar da ta buɗe maganar. Haruna ya ce masa, "Malam, kai tambaya ka yi. Baba ne ya amsa."

Bayan babbar salla Alhaji Garba ya aiko a kira ni. Ya ce, "Shekara guda ina neman dalilin hana ka wanda zan iya faɗa a gaban liman. Ban samu ba. Yarinyar ma ta ƙi kowa." Ya ba da ita, da sharaɗi ɗaya: muddin yana numfashi, maganar ba za ta wuce ni da shi da yaran biyu da iyayensu mata ba, domin yana da 'yan'uwa da ba za su ɗauka ba. Na karɓa. Ya yi abin da ya fi ƙarfin tarbiyyar da aka yi masa, ban ga dalilin da zan nemi ƙari ba. Malam Isiyaku ya zo ɗaurin auren cikin babbar riga da ta tsaya masa a gwiwa, ya ci tuwo da hannu, ya koma Garu kafin la'asar saboda wata saniya da ke naƙuda.

Bai cika shekara biyu bayan haka ba ciwon shawara ya kwantar da shi. An so a kai shi gida, ya ce a bari ya ɗan ji ƙarfi, ƙarfin bai zo ba. Matarsa ta koma Kanada da takardar. Ta rubuto mini sau ɗaya, ta ce ta cike layinsa da hannunta: an haife shi a Kanada, an binne shi a Garu. Ta ce ta duba sama, ta ga a cikin iyayensa maza da wuya a samu uba da ɗa kwance a ƙasa ɗaya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Taraktocin da aka yi ta kawowa ana cewa zamanin shanu ya wuce, da yawa suna nan a bakin hanya kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu, manoman Garu kuma suna bin bayan bijimansu. Wannan zai sa shi murmushi. Abin da zai hana shi cin abinci shi ne faɗan da ya ci yankin Yendi da Salaga 'yan shekarun nan, da wanda ke tashi yana kwanciya a nan Bawku. Na kai masara Salaga bayan an lafa. Iya Kande ta riga ta rasu kafin abin, na gode wa Allah da bai nuna mata ba. Na ga ƙauyukan da muka wuce ni da shi ba rufi ko ɗaya. Ba ni da ilimin raba wa mutane gaskiya a wannan rikici, kuma ina ciniki da kowane ɓangare. Amma na lura da abu guda. Yanzu kowa ya zama mai binciken asali. Kowa yana ƙirga kakanninsa, yana kawo tsofaffin takardu, don ya nuna wane ne ya riga zuwa, wane ne baƙo, wa ya kamata ya tashi. Aikin da Malam Isiyaku ya yi shekaru yana yi ke nan, sai dai shi yana bincike ne don ya ƙara mutum a cikin takarda. Ban taɓa ganin ya bi sawun wani don ya cire shi ba. Ina jin da zai ce, cikin Hausarsa ta kasuwa, duk wanda ya bi layinsa da gaskiya har ƙarshe zai tarar da wani yana tafe da kaya a ka, yana neman inda za a bar shi ya kwana.

Alhaji Garba ya rasu da daminar bara, Allah ya jiƙansa, ya riƙe ni da mutunci har ƙarshe, ni ma na riƙe alkawarinsa. Kafin in rubuta wannan na tara Haruna da Zainabu, domin sunan 'ya'yansu ne zai shiga bakin mutane. Haruna ya dubi matarsa. Ita ta ce, "Baba, rubuta. Gara yaran nan su ji daga bakinka da su ji a bakin famfo ranar da aka yi faɗa."

Malamanmu sun ce akwai addu'ar da ba a yi wa wanda ba musulmi ba. Ban yi musu da su ba. Hukuncin Malam Isiyaku yana hannun wanda ya halicce shi. Abin da ke hannuna shaida ce, kuma ita zan bayar: na yi hulɗa da shi shekara shida, bai taɓa rantse mini ba, ban kuma taɓa bukatar ya rantse ba. Bai bar gini ba, bai bar suna a jikin allo ba. Abin da ya bar mini shi ne yau idan aka tambaye ni ko ni wane ne, ba na fara duba wanda ke saurare kafin in amsa.

Ni ne Sule, ɗan Mamman, ɗan Audu wanda aka sayar a kasuwar Salaga yana yaro. Ban san sunan da uwarsa ta sa masa ba, ban san ƙauyensu ba, kuma na haƙura ba zan sani ba. Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su daina kirana Bakano, akwai kuma waɗanda za su ninke jaridar da sauri don sun tuna wani abu da aka hana a nasu gidan. Na farkon ba su rage ni da komai ba. Na biyun, in suna son wanda zai raka su Salaga, na san hanya, kuma na iya jira a mota.